Yi wa bishiyar Kirsimeti dusar ƙanƙara a gida: wace hanya ce za ta jure hunturunmu?

Da zarar Nuwamba ta ƙare, shagunan kayan ado a Jos da Kaduna da Abuja da Sabon Garin Kano sukan fito da bishiyoyin roba su jera a bakin ƙofa. Yawancinsu kore ne shar. Ƙalilan ne ake samu masu fararen rassa, waɗanda aka yi wa adon dusar ƙanƙara tun daga masana'anta, kuma wanda ya tambayi kuɗinsu sau da yawa yakan ja da baya, ya koma gida ya dubi tsohuwar bishiyarsa da ke cikin kwali, ya fara tunanin yadda zai mayar da ita fara da hannunsa. Abu ne mai yiwuwa. Hanyoyin ma sun yi yawa, kuma yawan nasu shi ke rikita mutum.

Al'adar ƙawata bishiya ta fito ne daga yankin Jamus tun ƙarni na 16, inda dusar ƙanƙara ta gaskiya ke lulluɓe dazuzzuka a watan Disamba. Yi wa bishiyar cikin ɗaki farin ado kuwa a Amurka ya bunƙasa, musamman a shekarun 1950 da 1960, lokacin da kamfanin General Mills ke sayar da wani gari da ake fesawa ta hanyar haɗa bututu da injin share ƙura. Shi ya sa kusan duk shawarar da ake samu a intanet an rubuta ta ne don gidajen da tagoginsu ke rufe ruf, babu ƙura, babu kiyashi, babu damina mai sa kaya fumfuna. Gidan da ke Bukur ko Kafanchan ko Wusasa ba haka yake ba. Kirsimetinmu a tsakiyar hunturu take faɗowa, lokacin da hazo ke shigowa ta kowace kafa, iska ta bushe ƙayau, gobara kuma ta fi yawa. Da wannan ma'auni zan auna kowace hanya.

Abin da za a duba kafin a taɓa bishiyar

Tambaya ta farko, wadda mutane suka fi mantawa da ita: ana so bishiyar ta zama fara har abada, ko na bana kawai? Wasu hanyoyin ba su da komawa. Idan aka shafa gam ko fenti a ganyen roba, to an gama, ba za a sake ganin koren nan na asali ba. Ni a ganina wannan ce ke raba hanyoyin gida biyu, kuma wanda ya amsa ta ya riga ya rage rabin ruɗaninsa.

Sai kuɗi, kuma ba kuɗin yau kaɗai ba. Abin da za a sake saye kowace shekara yana iya fin wanda aka saya sau ɗaya tsada nan da Kirsimeti uku. Sai ƙarko, wanda a wurinmu ya ƙunshi abu uku: ko adon yana zuba idan an taɓa shi, ko yana riƙe ƙura har ya koma ruwan ƙasa, da kuma ko zai tsallake damina a cikin ɗakin ajiya. Sai sauƙin aiki, wato lokacin da zai ci da ɓarnar da zai yi wa tsakar gida. Na ƙarshe, wanda ya fi kowanne nauyi, haɗari: wuta, numfashi, yaro mai rarrafe da ke kai komai baki, da ƙwari. Kyan gani ma yana ciki, amma shi kowa da idonsa, don haka zan faɗi kamannin kowanne in bar wa mai bishiya hukunci.

Duk ƙididdigar da ke ƙasa ta bishiyar roba ce mai tsawon ƙafa 6, wato kimanin mita 1.8.

Garin kamfani mai kamawa da ruwa

Wannan shi ne ainihin abin da masu sana'ar ke amfani da shi, kuma ana sayar da shi da sunaye irin su SnoFlock. Farin gari ne mai laushi da aka yi da zaren takarda ko auduga da aka niƙa, aka haɗa da sitacin masara wanda shi ne gam ɗinsa, sannan aka ƙara wani sinadari na boron mai rage saurin kama wuta. A bushe ba ya manne wa komai. Ruwa ne ke tayar da sitacin ya kama.

Yadda ake aikin: a fitar da bishiyar waje ko baranda, a shimfiɗa leda, a buɗe rassan yadda ake so su tsaya, domin bayan ya bushe lanƙwasa reshe na karya adon. A fesa wa sashe ɗaya ruwa da kwalbar feshi har ya jiƙa ba tare da ya riƙa ɗiga ba. A zuba garin a rariya, a riƙa tankaɗawa daga sama da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana fesa ruwa a kan garin yayin da yake sauka. A gama da wani feshin ruwa a kai. Daga ƙololuwa ake farawa a gangaro, kuma a bar cikin bishiyar da korensa, domin dusar ƙanƙara a saman reshe take kwanciya, ba ta shiga ƙarƙashi. Kilo ɗaya zai ba da ado matsakaici, mai son rassa su yi nauyi da fari zai buƙaci kusan biyu.

Ta fuskar kyau babu wanda ya kamo shi. Yana da kauri da tudu da kwari, daga nesa har ido ya yarda. Yana bushewa ya yi tauri cikin kwana ɗaya zuwa uku, kuma a nan hunturu na taimakawa, don busasshiyar iska tana gaggauta shi. Sai dai iskar nan tana da nata sharri: tana busar da ruwan da aka fesa kafin garin ya sauka, tana kuma kwashe garin ta kai gidan maƙwabta. A yi aikin da sassafe ko da yamma lis, a lungun da iska ba ta bugawa, a kuma riƙa ɗaukar ƙaramin sashe.

Matsalarsa babba ita ce samu. Ba kasafai ake ganinsa a kasuwanninmu ba, yawanci sai an yi oda ta intanet ko an roƙi mai dawowa daga waje, kuma kuɗin dakon na iya kai kuɗin garin. Wanda zai sa a taho masa da shi ya ce a bar shi a cikin ledarsa ta kamfani mai rubutu, kada a juye farin gari a wata leda a bi da shi ta filin jirgi. Haɗarinsa a lokacin aiki ne: ƙurarsa na shiga hanci da ido, don haka takunkumi da tabarau dole ne, mai asma kuma ya bar wa wani. Bayan ya bushe yana ɗan zuba duk lokacin da aka rataya ado ko aka matsar da bishiyar, amma ba sosai ba idan an ba shi isasshen ruwa. Yana iya kai shekara da shekaru ana ɗan yi masa ciko. Abokan gabarsa biyu ne, ƙura da laima. Ƙurar hunturu na shiga ramukansa ta zauna, ba a kuma iya goge shi da tsumma. Sitacin da ke cikinsa kuwa, idan aka ajiye bishiyar a ɗaki mai danshi a watan Agusta, zai yi fumfuna ya yi rawaya.

Gwangwanin feshi

Shi ne aka fi gani a manyan kantuna a Disamba, shi ne kuma ya fi ruɗin mai saye, domin gwangwani ɗaya ba shi da tsada kuma aikin minti goma ne. A girgiza, a tsaya nesa da kamu biyu, a fesa. Amma a lura da abu biyu tun a kanti. Akwai wanda ake fesawa a wurin biki, mai fitar da kumfa da ke narkewa nan take, wannan ba na bishiya ba ne sam. Na adon taga da bishiya shi ne mai bushewa ya bar farin gari. Na biyu, gwangwani ɗaya ba ya isa. Bishiya mai ƙafa 6 za ta sha uku ko huɗu kafin farin ya fito sosai, kuma baɗi sai an sake saye.

Abin da yake bayarwa siririn fari ne mai kama da raɓar da ta daskare, ba tudun ƙanƙara ba. A hoto yana da kyau. A hannu kuwa ba ya jure komai: yaro ya goga kafaɗa, ya kwashe, a rataya ƙwallon ado, ya zube a kan tayil. Wannan raunin shi ne kuma amfaninsa, don a Janairu ana iya kaɗe shi da burushi a goge da ɗanyen tsumma, bishiyar ta kusa komawa yadda take.

Inda nake jan kunne da ƙarfi shi ne wuta. Iskar da ke tura feshin daga gwangwani yawanci butan ce ko furofen, dangin iskar gas ɗin girki. A lokacin sanyi gidaje da yawa na da kaskon gawayi a ɗaki, ko kyandir idan an ɗauke wuta, ko maganin sauro mai hayaƙi a ƙarƙashin kujera. Feshi kusa da ɗayan waɗannan na iya tashi da wuta a fuskar mai fesawa. A yi shi a waje, fitilun bishiya a cire daga soket, a bar warin ya fita kafin a shigo da ita. Gwangwanin da ya ƙare kuma kada a jefa shi a bolar da ake ƙonawa, yana fashewa. Ba a kuma yarda a sa irin wannan gwangwani a jakar jirgin sama ba, don haka kada a ɗora wa matafiyi.

Gam da kumfar aski

A cikin haɗe-haɗen gida wannan ne na fi amincewa da shi ga mai son kauri. Ana buƙatar farin gam na kafintoci, irin Top Bond da ake samu a kowane shagon kayan gini, da kumfar aski fara, ba mai kama da man shafawa mai launi ba. Kashi biyu na kumfa, kashi ɗaya na gam, a juya a hankali da cokali don kada kumfar ta faɗi, har ya yi kauri kamar kindirmo. A ɗebo da burushin fenti ko da yatsu cikin safar hannu, a ɗora a saman rassa, a bar shi da tudunsa, kada a shafe shi ya kwanta. Yana bushewa cikin yini ɗaya ya zama wani abu mai taushi da ke ɗan lotsawa idan an danna.

Yawancin masu koyar da wannan haɗi suna cewa a ƙara garin masara ko sitaci don ya yi jiki. Ni ina ba da shawarar a bar shi. Duk abin da ake ci, kiyashi da kyankyasai da ɓeraye za su gano shi a ɗakin ajiya, ko da an cakuɗa shi da gam. Mai son ƙarin fari ya zuba cokali biyu na farin fentin ruwa, mai son walƙiya ya barbaɗa farin ƙyalƙyali tun haɗin na ɗanye.

Kuɗinsa matsakaici ne zuwa ƙasa: ƙaramin bokitin gam da gwangwanin kumfa biyu ko uku. Aikin ne ke cin rai, don reshe bayan reshe ake bi, kuma yini guda zai tafi. A riƙa kwaɓa kaɗan kaɗan, saboda a busasshiyar iska yana fara yin fata a cikin kwano kafin a kai rabin bishiya. Ba ya zuba kamar feshi, ba shi da ƙurar da ake shaƙa, warinsa na turaren aski ne da ke gushewa bayan kwana biyu. Rauninsa: tudun na ɗan sacewa bayan makonni, yana jan ƙura tun yana ɗanye, kuma ba ya fita. Wanda ya gaji da shi sai dai ya ɓamɓare abin da ya ɓamɓaru ya haƙura da saura. A shanya shi a cikin ɗaki mai rufaffiyar taga, domin idan hazo ya sauka a kansa kafin ya bushe, launin ƙasar ya shiga ke nan.

Kumfar sabulu

Tsohuwar dabara ce ta matan Amurka a shekarun 1940 da 1950, waɗanda kan buga garin sabulun Lux ko Ivory da ruwa su shafa wa bishiya. Ana goge farin sabulu a magogi, a auna gwangwanin madara uku, a zuba ruwan ɗumi kaɗan, a burga da maburgi har ya tashi ya yi kauri. Idan an ƙara gwangwani ɗaya na gam zai daɗe, idan ba a ƙara ba ruwa zai wanke shi tas, wanda hakan ke sa ya dace da mai son na bana kawai. Garin wanki irin Omo ba ya yin wannan aiki, sabulu na sanda ake nufi, kuma fari, don mai launin kore ko rawaya launinsa zai bayar.

Shi ya fi kowanne araha bayan auduga. Yana bushewa ya yi fari mai kyau, amma yana da gautsi, yana farfashewa ya zuba, ƙamshinsa na cika ɗaki, kuma ɓeraye na cin sabulu. Gutsuren da ya faɗi ƙasa abin sha'awa ne ga mai rarrafe, zai sa shi amai ko ya shiga masa ido. Ba na ajiya ba ne. A wanke bishiyar a Janairu, a shanya ta ta bushe sarai don kada wayar cikin rassan ta yi tsatsa.

Auduga

Ita ce aka fi daɗewa ana amfani da ita a gidajenmu da majami'unmu, kuma ba a banza ba: ana samunta a kowane kemis, yara ma na iya taya ɗorawa, ba ta ɓata bishiya, a Janairu a tsince ta a zubar. Idan an yage ta siriri aka shimfiɗa a tsawon reshe tana da kyau ƙwarai. Idan aka dunƙula ta aka cusa, kowa zai gane auduga ce.

Amma ita ce mafi haɗari a duk jerin nan, kuma ina faɗa da gaske. Auduga da aka baza, cikin iskar da laimarta kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a Kano da makamantanta a wannan lokaci, tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Ƙananan fitilu na tsohon yayi suna zafi, wayoyinsu masu araha suna tsagewa, wutar lantarki kan dawo da ƙarfi bayan an ɗauke. Audugar rimi da ake cusa wa matashin kai ta fi ta kemis saurin kamawa, kada ma a kusantar da ita. Farin zaren roba da ke cikin filo na zamani ya fi dama, don ba ya saurin tashi, yakan narke ne, ko da yake narkakken ma yana ƙona fata. Wanda ya zaɓi auduga, to ko dai bishiyar ta zauna babu fitila, ko a sa na LED masu aiki da batir, kuma kyandir ya yi nesa da ita. Ƙura kuwa tana mayar da ita ruwan toka cikin mako biyu, sai dai sauya ta ba wuya.

Farin fentin ruwa

Ba a cika ambatonsa ba saboda ba ya ba da tudu, amma a yanayinmu yana da wata fa'ida da babu mai ita: ana iya goge ƙurar da ta hau shi. A sami farin fentin ruwa irin na bango, a haɗa da ɗan gam, kamar kashi ɗaya cikin huɗu, don ya kama roba da kyau. A tsoma soso a matse, a riƙa dangwalawa a bakin rassa da samansu. Lita ɗaya ta isa har ta yi saura, sau da yawa ma akwai ragowar fenti a gida. Yana bushewa cikin awa biyu ko uku, ba ya zuba, ƙwari ba su da abin ci a jikinsa, damina ba ta dame shi ba, kuma bishiyar na komawa kwalinta a naɗe kamar da. Idan ta yi ƙura, a kaɗe ta ko a bi ta da ɗanyen tsumma.

A guji fentin mai da fentin gwangwani na feshi. Ganyen yawancin bishiyoyin nan robar PVC ce, kuma sinadarin da ke cikin fentin mai yana cuɗanya da ita ya bar ta tana danƙo na tsawon watanni, ƙura kuma ta samu wurin zama. Fenti ba ya fita, kamanninsa kuma na sanyin safiya ne a kan ganye, ba na ƙanƙarar da ta kwana tana zuba ba.

Ga su a jere:

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin aiki | Babban haɗari | Yana fita? |
|---|---|---|---|---|---|
| Garin kamfani | Mai yawa, sau ɗaya | Shekaru, idan an kiyaye laima | Rabin yini, da ɓata wuri | Shaƙar ƙura | A'a, sai da wahala |
| Gwangwanin feshi | Matsakaici, kowace shekara | Makonni | Mintuna | Wuta lokacin feshi | E |
| Gam da kumfar aski | Matsakaici zuwa ƙasa | Shekara biyu ko fiye | Yini guda | Kaɗan | A'a |
| Kumfar sabulu | Kaɗan | Kaka ɗaya | Rabin yini | Yara da ɓeraye | E, idan babu gam |
| Auduga | Kaɗan ƙwarai | Mako biyu zuwa uku | Awa ɗaya | Gobara | E |
| Fentin ruwa | Kaɗan | Shekaru | Awa biyu zuwa uku | Kaɗan | A'a |

Waɗanda ban sa a jerin ba da gangan

Fulawa da garin masara da sukari da kwakwar da aka goge, duk ana ganinsu a bidiyo, duk kuma gayyatar ƙwari ne. Gishiri na jan laima ya sa waya tsatsa. Hodar jarirai ba ta kamawa, sai dai ta cika huhu. Farar kumfar da ke cikin kwalin firji da talabijin, idan an murje ta, tana manne wa labule da kujera da gashin yara saboda bushewar iska, tana ci da wuta da baƙin hayaƙi, kaji kuma na tsattsage ta a tsakar gida. Akwai kuma wani gari da ke kumbura ya zama ƙanƙara da zarar an zuba masa ruwa. Sinadarin da ke cikin kunzugun jarirai na zamani ne, ba ya manne wa reshe, yana sa tayil santsi, kuma haɗiye shi a bushe haɗari ne ga yaro. Wani abu kuma ga masu sayen kayan ado na gwanjo: a shekarun 1930 da 1940 an sayar da asbestos, wani ma'adini mai kama da zare, a Amurka da Turai a matsayin ƙanƙarar ado, saboda ba ya cin wuta, kafin a tabbatar yana jawo cutar daji ta huhu. Tsohon kwalin farin gari da ba a san shekarunsa ba, kada a buɗe shi.

Fitilu da ajiya

Kowace hanya aka bi, a yi adon kafin a naɗa fitilu. Idan bishiyar ta zo da fitilunta a jiki, a cire daga soket, a rufe mahaɗan wayoyin da salatif kafin a fesa ruwa, kada kuma a kunna sai ta bushe sarai. Fitilun LED ba sa zafi kamar na da, kuma zafi na cikin abin da ke sa farin ado yin rawaya, tare da hasken rana, don haka a nisanta bishiyar da taga. Fitilun da aka kawo daga Amurka na wuta mai ƙarfin volt 120 ne, tamu kuwa 230 ce, a duba rubutun jikinsu kafin a jona.

Bishiyar da aka yi wa garin kamfani ko gam ba ta son matsi. Idan da wuri, a ajiye ta a tsaye, a lulluɓe da tsohon zanen gado. Leda na tara gumi a damina, zane kuwa na barin iska ta ratsa. Wanda ya sari ɗanyen reshe daga bishiyoyin nan masu ganye kamar allura da ake shukawa a Jos, ya sani farin ado ba ya hana shi bushewa, sai an tsoma gindinsa a ruwa ana ƙarawa kullum, domin busasshiyar bishiya irin wannan na iya cinye ɗaki da wuta cikin ƙasa da minti ɗaya.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Mai shago ko otal ko ɗakin ɗaukar hoto, wanda kyan bishiyar ke jawo masa ciniki kuma yana da ɗaki mai rufaffun tagogi, garin kamfani ne nasa, ya yi oda tun Oktoba. Haka ɗan uwanmu da ke zaune a Ingila ko Amurka ko Kanada, inda garin ke da sauƙin samu kuma babu hazo. Idan ma bishiyar tasa ta tsufa, ya kwatanta kuɗin gari da dako da kuɗin sabuwa mai farin ado tun daga masana'anta, musamman a Janairu da ake karya farashi, wani lokaci sabuwar ta fi sauƙi.

Mai bishiyar aro, ko wanda a gidansa ba a gama yarda da farar bishiya ba, ya tsaya a kan abin da ke fita: gwangwanin feshi idan yana da kuɗi ba shi da lokaci, sabulu babu gam idan yana da lokaci ba shi da kuɗi. Wanda aka ce masa baƙi na zuwa gobe, feshi ne zai fi saurin cetonsa.

Gida mai yaro ƙasa da shekara uku, ko mai asma, ko kyanwa mai hawan kaya, fentin ruwa ya fi masa kwanciyar hankali, don babu abin da zai faɗo a tsinta. Shi ne kuma zaɓina ga yawancin gidajen Arewa, inda taga ke buɗe ƙura na shiga, bishiya kuma za ta koma kwali ta kwana a saman sif har baɗi. Wanda fentin bai cika masa ido ba, ya yi fentin a duk jiki, sannan ya ɗora haɗin gam da kumfa a kan manyan rassa goma sha biyu ko sha biyar da suka fi fitowa gaba. Da haka zai sami tudun da ido ke nema, aikin kuma bai wuce na rabin yini ba.

Majami'a kuwa, inda bishiya ke tsaye kusa da labule da wayoyin amsa-kuwwa, yara na kai da kawowa, ana kuma kunna kyandirori a daren waƙoƙin Kirsimeti, ina roƙon kwamitin ado da zumuntar mata su cire auduga daga lissafi gaba ɗaya. Lita ɗaya ta fentin ruwa da ƙaramin gam za su yi wa bishiya biyu, matasa huɗu su gama a yammacin Asabar ɗaya, a kuma ajiye bokitin yashi a bayan bagade.